Larurorin da ake haihuwar jarirai da su: amsar tambayoyin iyaye mazauna Legas

Waɗannan tambayoyi irin waɗanda ake yi ne a ɗakin mai jego da murya ƙasa-ƙasa, daga Agege zuwa Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago. Yawancin masu yin su suna nesa da iyaye da kakanni, ga asibiti da harshen da ba nasu ba, ga tsoron abin da mutane za su ce. Wannan tsoro shi ke sa a rufe jariri a ɗaki har lokacin da gyara yake da sauƙi ya wuce. Amsoshin nan ba za su maye gurbin likitan da zai duba yaron da idonsa ba, an rubuta su ne don a san lokacin da ya kamata a tafi wurinsa.

Me ake nufi da larurar da aka haifi jariri da ita, kuma tana da yawa ne?

Ita ce duk wata tawaya a halittar jiki ko a aikin wata gaɓa, wadda ta samu tun jariri yana ciki. Wata ana ganinta da zarar ya faɗo, kamar tsagewar leɓe ko lanƙwasar ƙafa. Wata tana ɓoye a zuciya ko hanji ko jini, sai an kwana biyu, wani lokaci sai an shekara, kafin ta bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan jarirai 6 cikin 100 ana haihuwarsu da wata larura irin wannan, kuma kimanin 240,000 suna rasuwa kowace shekara kafin su cika kwana 28. Tara cikin goma na waɗanda tasu ta yi tsanani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ake haihuwarsu. Saboda haka ba gidanku kaɗai abin ya samu ba.

Uwar mijina ta ce don na riƙa fita da tsakar rana ne ina da ciki. Wasu kuma suna cewa ɗan ruwa ne. Laifina ne?

Ba laifinki ba ne, 'yar'uwa, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau. Fita da rana tsaka, ko da magariba, ko kallon husufin wata, ko yi wa wani mai nakasa dariya, babu ɗaya da ke canza halittar ɗan da ke ciki. Kambun baka ma bai tsaga leɓen kowa ba. Gaɓoɓin jariri suna haɗuwa ne a makonnin farko na ciki, galibi kafin mace ta tabbatar ma tana da shi. Leɓe da ganɗa suna haɗewa a cikin wata uku na farko. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa kusan kwana 28 bayan shigar ciki, lokacin da mace da yawa ke cewa al'ada ce kawai ta yi jinkiri.

Dalilan da aka sani sun haɗa da gado daga uwa da uba duka biyu, ƙarancin sinadarin folik asid ko aidin a jikin uwa, ciwon suga da ba a kula da shi ba, cututtuka irin su rubela da tunjere, wasu magunguna, da barasa. A kusan rabin jariran kuwa, ko manyan likitoci ba sa iya nuna dalili guda.

Maganar ɗan ruwa ita ta fi ci mini rai. Yaron da ake kira haka yawanci ruwa ne ya taru masa a kai, ko ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa, ko yana da larurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita take sa jinkirin girma da koyo. Ɗan mutum ne, jininku ne, yana jin yunwa yana jin ciwo, yana gane muryar uwarsa. Duk wanda ya ba ku shawarar a kai shi bakin ruwa a bar shi, kisan kai yake kiran ku zuwa gare shi, a shari'a da dokar ƙasa. Ga maigida kuma: Malam, a irin wannan rana matarka ba ta da kowa a Legas sai kai. Idan ka tsaya ka ce ɗana ne, asibiti za mu, bakin kowa zai mutu. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani.

Waɗanne alamomi ne ba a jira da su har a yi suna?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Idan jariri bai yi baƙin kashin nan na farko ba cikin kwana ɗaya, a buɗe a duba ko yana da ƙofar dubura, domin akan haifi wasu babu ita, kuma a haihuwar gida sau da yawa ba wanda ke dubawa. Idan kwana biyu suka cika babu kashi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko ya yi amai kore, hanji ne ya toshe har sai likita ya tabbatar ba haka ba. Kada a ba shi ruwan zafi ko jiƙo don a wanke ciki.

Haka nan jaririn da kumfar yawu ke ta fitowa daga bakinsa, da an sa masa nono ya shaƙe ya yi tari, mai yiwuwa maƙoshinsa bai haɗu da tumbi ba. A dakatar da shayarwa a tafi. Sai wanda harshensa da dasashinsa suka yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka (a baƙar fata can ake dubawa, ba a kumatu ba), ko yake numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa. Sai mai ƙullutu ko buɗaɗɗen rauni a gadon baya, da wanda hanjinsa ke waje ta wajen cibiya: a rufe wurin da tsaftatacciyar leda, a lulluɓe yaron kada ya yi sanyi, kada a shafa komai.

Duk waɗannan na yau ne, ko da ƙarfe biyun dare ne. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767.

An haifa mini ɗa da tsagaggen leɓe. Zai gyaru?

Zai gyaru, kuma aikin yana kyau ƙwarai. Kusan jariri 1 cikin 700 a duniya ana haihuwarsa da tsagewar leɓe ko ta ganɗa ko duka biyun. Ana ɗinke leɓe yana da wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma tsakanin wata 9 da 18, kafin ya fara magana sosai. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin wannan aiki kyauta a asibitoci da dama a Najeriya, har da asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba.

Abin da ke kawo cikas kafin ranar aiki shi ne rama. Yaron da ganɗarsa ke buɗe ba ya iya zuƙar nono da ƙarfi, nonon kan fito ta hanci, ya gaji ya yi barci da yunwa. Likita kuwa ba zai taɓa shi ba sai ya yi nauyi kuma jininsa ya isa. Ki riƙa ɗaga shi kamar a zaune lokacin shayarwa, ki tatsa ki ba shi da ƙaramin kofi ko cokali idan bai ƙoshi ba, kaɗan-kaɗan a kai a kai, ki sa shi ya yi gyatsa. Ki kai shi asibiti tun makon farko don a koya miki, kada ki jira ya kai wata uku. Kuma kada wanzami ya taɓa belin irin wannan yaro.

Ƙafar jaririyata ta lanƙwashe ciki kamar za ta taka da gefe. Mu kai ta wajen mai ɗori?

A'a, wannan ba karaya ba ce ba kuma targaɗe ba, jijiyoyi ne suka ɗaure ƙafar a haka tun a ciki. Ana samunta a kusan jariri 1 cikin 1,000. Maganinta hanyar da ake kira Ponseti, sunan likitan da ya ƙirƙiro ta a Amurka. Kowane mako ana murza ƙafar a hankali a sa mata ɗaurin filasta, sau 5 zuwa 8, sannan mafi yawa akan ɗan tsaga jijiyar agara, sai a koma takalmi mai sanda a tsakani. Takalmin ana sa shi kusan dare da rana na wata 3, daga nan sai lokacin barci kawai har shekara 4 ko 5. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa ake so a fara a makonnin farko.

A takalmin nan iyaye ke karaya. Yarinya za ta yi kuka, kaka za ta ce a cire mata wannan azaba, ƙafa kuma ta miƙe kowa na gani. Da an daina sawa sai ta koma yadda take. Ku daure. Asibitin ƙashi na Igbobi yana wannan aiki, kamar yadda na Dala yake yi a Kano.

Likita ya ce akwai huji a zuciyarsa. Shi ke nan sai an yi masa tiyata?

Ba lallai ba. Larurar zuciya ita ce ta fi yawa a cikin dukansu, kusan jariri 1 cikin 100, amma iri-iri ce. Ƙananan huji da yawa suna rufewa da kansu a shekarun farko, sai dai a riƙa bibiya. Wasu ana riƙe su da magani har yaro ya yi ƙwari. Wasu kuma dole sai aiki, kuma jinkiri yana lalata huhu har aikin ya gagara. Hoton zuciya da ake kira eko shi ke rarrabewa, saboda haka idan an rubuta muku shi kada ku ajiye takardar. Abin lura a gida: gumi yana keto masa lokacin shan nono, yana saki yana haki, ba ya ƙara nauyi, ciwon ƙirji yana yawan dawowa.

Kan yarona yana ta girma, maɗiga ta kumbura. Me ke faruwa?

Ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa ne ya rasa hanyar wucewa. Za ki ga jijiyoyin kai sun fito raɗa-raɗa, idanu suna kallon ƙasa, yana yawan amai. Yakan zo tare da buɗewar ƙashin baya, yakan kuma biyo bayan sanƙarau ko wata cuta da ta kama jariri. Likitocin ƙwaƙwalwa suna sa siririn bututu a ƙarƙashin fata ya riƙa kai ruwan cikin ciki, ko su buɗe masa hanya daga ciki. Kowane mako da aka ƙara ana jira, ruwan yana ƙara danne ƙwaƙwalwa, abin da ya lalace kuma ba ya dawowa. Ba a yi wa irin wannan kai tsaga ko ƙaho, ba a ɗaure shi da ƙyalle. Shi ya sa awon kai da ake yi ranar rigakafi yake da amfani. Idan ba a auna ba ki roƙa a auna.

Za mu kira wanzami ranar suna. Akwai abin da ya kamata mu duba?

Akwai. A nan Legas mutane da yawa suna yi wa jarirai kaciya tun suna 'yan kwanaki. Kafin a yi, a duba inda fitsari ke fita. Idan ƙofar tana ƙasan gaba maimakon a tsini, ko gaban ya lanƙwashe ƙasa, kada a yi kaciya, domin da wannan fatar likita zai yi gyara nan gaba. Idan a dangin uwa akwai mazan da jini ke wuyar tsaya musu, a faɗa wa likita kafin a sa wa yaro aska. A kuma taɓa a ji ko 'ya'yan maraina biyu sun sauko. Idan ɗaya bai sauko ba har wata 6, aiki ake yi, ana so a gama kafin ya wuce shekara ɗaya da rabi. Wanda kuwa ba a iya tantance namiji ne ko mace ba, a kai shi babban asibiti cikin kwanakin farko, don wasunsu gishirin jikinsu kan zube har ya kai ga rasa rai. Cire beli ba shi da wani amfani ga jariri, sai haɗarin zubar jini da shigar cuta.

Ciwon shawara ma yana cikin irin waɗannan larurori?

Shawara ita kanta alama ce, amma ɗaya daga cikin manyan dalilanta a Najeriya gado ne: ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, wanda ya fi kama maza. Jaririn da ke da shi, idan ya shaƙi kafur ɗin da ake sa wa cikin akwatin kaya, ko aka shafa masa man zafi mai mentol, ko aka sa masa lalle, jininsa yana iya farfashewa ya yi ruwan ɗorawa da shawara cikin sa'o'i. Ku raba kayan jariri da kafur gaba ɗaya. Ki riƙa duba idonsa da dasashinsa a hasken rana kowace safiya a makon farko. Shawarar da ta fito a ranar farko, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko yaro ya ƙi nono yana banƙarewa, ta asibiti ce nan take, inda za a sa shi ƙarƙashin fitila ta musamman. Ruwan gulukos da shanya yaro a hantsi ba sa maganinta. Idan kuma ta wuce mako biyu kashinsa ya yi fari-fari, a duba hanta.

Mu 'yan'uwa ne ni da mijina. Auren zumunci ne ya jawo?

Yana ƙara yiwuwar wasu larurorin gado, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. A auren bare kusan jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 ke zuwa da babbar larura, a auren 'ya'yan wa da ƙani kuwa adadin yakan kusan ninkawa. Ke nan mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiyarsu ƙalau. Inda ake so a yi hattara shi ne dangin da aka jima ana auren juna kuma larura iri ɗaya tana maimaituwa, kamar kurumta ko mutuwar jarirai ba a san dalili ba.

Sikila kuwa ba ta tambayar zumunci. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila amma ba ya ciwon, kuma ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu cutar kowace shekara, fiye da kowace ƙasa. Idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS, wato mai sikila. Kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an samu ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Jaririn yakan zo lafiya, alamu sai wajen wata 5 ko 6, galibi kumburin hannu da ƙafa da kuka mai tsanani. Gwaji da wuri yana sa a fara kare shi da rigakafi, maganin hana kamuwa da cuta da gidan sauro. Cibiyar sikila ta ƙasa tana nan Idi-Araba daura da LUTH. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure wadda ta haɗa da na sanin ko mutum AA ne, AS ko SS, kuma ya kamata limamanmu na Legas su riƙa tambayar takardar kafin ɗaurin aure.

An ce ɗiyata tana da larurar Down. Za ta yi tafiya, za ta yi magana?

Za ta yi, in sha Allahu, sai dai a nata lokacin. Ƙarin ƙwayar halitta ce guda a kan ta 21, kuma yiwuwarta tana ƙaruwa idan uwa ta haura shekara 35, ko da yake 'yan mata ma suna haifa. Kusan rabin yaran suna da larurar zuciya, don haka a yi mata eko tun da wuri, a duba ji da gani da maƙoƙo. Jikinta zai yi laushi, shan nono zai yi nawa, gashin ƙashi yana taimakawa. Abin da ya fi komai ciyar da irin waɗannan yara gaba shi ne a yi ta yi musu magana, a bar su cikin 'yan'uwansu, a kai su Islamiyya da boko. Wadda aka ɓoye a ɗaki ita ke komawa baya.

Cindo da ƙatuwar cibiya fa?

Cindo ya yi yawa a cikin baƙar fata kuma galibi ba ya tare da wata matsala. A bar ma'aikacin lafiya ya cire, kada a ɗaure da zare a gida, musamman mai ƙashi a ciki. Cibiya yawanci tana komawa da kanta kafin shekara 4 ko 5. Ɗaura mata kwabo ba ya ƙara komai. Idan ta yi tauri ta ƙi komawa yaro yana amai, a tafi asibiti.

Na yi hoton ciki sau da yawa, me ya sa ba a gani ba?

Hoton da ake yi a ƙananan wurare don a ga kwanciyar yaro ko a san namiji ne ko mace daban yake da hoton binciken gaɓoɓi, wanda ƙwararre ke yi tsakanin mako 18 da 22. Shi ma ba ya kama komai, ba ya ganin sikila ko kurumta, yakan kuma tsallake ƙananan larurorin zuciya. Amfaninsa shi ne idan an ga wani abu, sai a shirya haihuwa a inda likitocin jarirai suke, maimakon a yi ta fama da cunkoson Oshodi da jariri a hannu. Bayan haihuwa ma ki sa ido: farin ɗigo a tsakiyar baƙin ido, ko jaririn da ƙara mai ƙarfi ba ta firgita shi, duka na dubawa ne da wuri.

Ina za mu nufa a Legas, ko gara mu tafi gida Arewa?

Idan na gaggawa ne, kada a hau mota. Tafiyar kwana guda zuwa Kano ko Sakkwato ta fi ƙarfin jaririn da hanjinsa ya toshe ko yake haki. A fara da babban asibitin gwamnati mafi kusa, su za su ba da takardar turawa. Manyan wuraren su ne LUTH a Idi-Araba, asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, asibitin yara na Massey Street a cikin Eko, asibitin tarayya na Ebute Metta, da Igbobi don ƙashi. Idan Turanci ko Yarbanci zai ba ku wuya, ku tafi da wanda zai fassara, ku sa a rubuta muku sunan larurar a takarda, ku adana duk sakamakon gwaji wuri guda.

Maganar kuɗi gaskiya ce, aikin zuciya da na ƙwaƙwalwa suna da tsada. Ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke cikin asibitin, ku bincika inshorar jihar, Ilera Eko, ku ji abin da ta ƙunsa, ku kuma sanar da masallacinku da fadar sarkin Hausawan unguwarku. Larurar da za a daɗe ana bibiya, kamar ƙafa ko leɓe, ana iya ci gaba da ita a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, amma a karɓi takardar bayani daga likitan nan kafin a tashi.

Ina so in sake haihuwa amma ina tsoro. Me zan yi kafin ciki na gaba?

Ki fara da folik asid, ƙaramar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da ake bayarwa wajen awo, tun kafin cikin ya shiga, ki ci gaba har ya cika wata 3. Abin da ake so ga kowace mace shi ne maikirogiram 400 a rana. Wadda ta taɓa haihuwar mai buɗaɗɗen baya ana ba ta miligiram 5. Wadda ta jira sai ranar fara awo a wata na biyar ta makara a kan wannan kariya, ko da yake ƙwayar tana da sauran amfani ga jini.

Idan kina da ciwon suga, a daidaita shi tukuna. Idan kina shan maganin farfaɗiya, musamman mai suna valproate, ki ga likita ya duba ko zai canza miki, kada ki daina da kanki. Ki guji sayen magani a kemis ko cikin mota ba da takardar likita ba, da jiƙe-jiƙen agbo da ake sayarwa a tasha, waɗanda wasunsu da barasa ake jiƙa su. Ki yi girki da gishiri mai aidin. Ki fara awo da zarar kin ga wata ya wuce, a gwada ki tunjere, domin allurar penisilin tana kare jaririn idan an gano da wuri. Ki tafi da takardun yaron farko, ki gaya wa likita duk abin da ya faru, maigida kuma ya raka ki a gwada jininku tare.